Sunan da Ke Buɗe Ƙofa

A jikin ƙofar makarantar su Mamana akwai wani ɗan faranti na ƙarfe mai ƙananan huji, da maɓalli a ƙasansa. Ni rariya nake ce masa. Idan iyaye suka zo ɗaukar yara ƙarfe sha biyu, kowa sai ya danna maɓallin, ya kai bakinsa kusa da rariyar, ya faɗi sunan ɗansa. Sai wata murya ta amsa daga ciki, ƙofar ta yi ƙugi kamar ƙudan zuma, ta buɗe. Rariyar ba ta da ido, kunne kawai gare ta.

Wata bakwai na yi ina zuwa ƙofar nan kullum, ban taɓa danna maɓallin ba.

Mamana 'yata ce, shekararta huɗu. Sunan mahaifiyata aka sa mata, domin Inna ta rasu saura kwana goma sha ɗaya in haihu. Tun da na yi wayo sunan nan bai fita daga bakina ba sai sau ɗaya. Ina 'yar shekara shida na ji wata maƙwabciya ta kira Inna ta kan katanga, ni kuma na maimaita ina tsalle. Inna ba ta dake ni ba. Ta dai ajiye abin da ke hannunta, ta dube ni, har na ji da ƙasa za ta tsage da na shige. Shi ya sa yarinyar ta zama Mamana. Babanta kuwa Suruka yake ce mata. Idan ta ɓata rai sai ya durƙusa ya ce, "Tuba nake, Suruka, a yi mini afuwa."

Dabarata a ƙofar ita ce Mai Keke. Wani dogon mutum ne mai tagwaye a ajin su Mamana, kullum sha biyu saura minti biyar yake isowa. Ya jingine kekensa, ya danna, ya yi magana, ƙofa ta buɗe, sai ya riƙe mini ita in tura keken jariri in shige. Ba mu taɓa magana ba. Ya gyaɗa kai, in gyaɗa kai, shi ke nan.

Haka duk sauran rayuwata take a garin nan na ƙasar waje. Maigida yana fita ƙarfe shida, a wani katafaren sito yake aiki, yana tuƙa 'yar motar da ke ɗaga kwalaye. Ni in yi wa yara wanka, in taje wa Mamana kai tana ihu, in sa mata burodi da tuffa a ɗan akwatinta. A hawa na huɗu muke, na'urar hawa kuma rabin wata a lalace take. Sai in goya ƙaninta, wanda muke kira Sarkin Kuka, in rungumi keken, Mamana tana gaba tana ƙirga matakala. Da safe babu matsala, ƙofar makaranta a buɗe take har takwas da rabi.

Daga nan sai aike-aiken gida. A kanti ba a buƙatar baki: ka ɗauka, ka ɗora, ka miƙa kati. A kemis in nuna takardar da Maigida ya rubuta. A asibitin yara in zari lamba, in zauna ina kallon allo har tawa ta fito, a auna Sarkin Kuka, a rubuta, in sa hannu inda aka nuna. Wanki kuma a can ƙarƙashin bene ake yi, injuna uku ne na gidan duka, idan ka makara wani ya kwashe maka kaya ya jibge a tebur. Na gano mutum zai iya yin sati guda a nan bai buɗe baki ba, kuma babu mai cewa me ya same shi.

Minti ashirin ne nawa a rana: daga ƙofar makaranta zuwa gida.

A makaranta yaren mutanen ƙasar Mamana take yi. A gida tana cire takalmi talabijin ta ɗauke ta. Babanta ma da yarensu yake jan ta da hira, wai don ta goge. Amma a kan hanyar nan, ban san dalili ba, da yarenmu take zuba kamar an kunna famfo. Wa ya ciji wa, wa ya yi fitsari a wando, me Malama ta ci. Mu wuce gidan burodi ta ja hanci ta ce, "Ƙamshi kyauta ne, sha da yawa." Mu hau 'yar gada ta tofa wa ruwa yawu. Akwai wani kare da ke kwana a tagar wata tsohuwa, kullum sai ta rusuna ta ce masa, "Barka da hutawa, ranka ya daɗe." Idan muka iso mararraba kuwa, sai ta tuna ita ce uwa. Ta miƙo hannu ta haɗe gira.

"Ke 'yata, riƙe hannuna. Ba na son rawar kai a titi."

"To, Mamana."

"Sai fitila ta yi kore. Yawwa. 'Yata, mu tafi."

Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma har muryar tana yi mini kama.

Wata Litinin wani yaro ya bi ta ƙofar da aka bari a buɗe, sai a bakin titi aka tsince shi. Washegari na tarar da takarda mai jan rubutu manne a ƙofar. Ban iya karanta ta ba. Mai Keke ya danna, ƙofa ta buɗe, na turo keke kamar kullum. Sai ya tsaya a bakin ƙofar. Ya nuna mini takardar, ya dafa ƙirjinsa, ya ce wani abu a hankali, sannan ya ja ƙofar ta rufe a gabana.

Iyaye suka yi ta zuwa, kowa ya danna, ya shiga, ya rufe. Ni ina gefe ina gyara wa Sarkin Kuka hular da babu abin da ya same ta. Aka fito da yara, aka watse. Sai bayan rabin awa malamarsu, wata doguwa mai gajeren gashi, ta fito riƙe da hannun Mamana. Hawaye ya bushe a kumatun yarinyar. Malama ta yi mini dogon bayani, ni kuma na ba ta abin da nake da shi, wato "na gode" da yarensu. Kafin ta sake ta, ta sunkuya ta shafa kanta, ta faɗi wata 'yar gajeriyar kalma da na sha jin tana gaya mata. Ni a zatona "'yar kirki" ke nan a bakinsu.

Mun wuce gidan burodi Mamana ba ta ja hanci ba.

"Mantawa kika yi da ni?"

"Ina ƙofa tun ɗazu, Mamana."

"To me ya sa ba ki danna ba? Maman kowa tana dannawa."

Na ce ta dubi karen can, yau ya juya mana baya.

Kwana uku ana haka. A rana ta ukun na gaya wa Maigida yana cin abinci. Ya yi dariya har ya ƙware, sannan ya ga ni ba dariya nake ba.

"Kawo wayarki, Maman yara. Abin da sauƙi."

Ya ɗauki muryarsa a ciki. Ya yi magana da sauri da yarensu, ni ban ma tsinci sunan a cikin maganar ba, kuma na ji daɗin hakan. Ya nuna mini inda zan taɓa. Washegari na danna maɓallin da hannun hagu, na kara wayar a rariya da na dama. Muryar Maigida ta fita, ƙofa ta yi ƙugi. Na shiga ina jin kaina kamar wadda ta ci jarrabawa.

Kwana huɗu dabarar ta yi. A na biyar ashe akwai takardar da suke so uba ya sa wa hannu. Da suka ji muryarsa sai Malama ta sauko da kanta da takardar da biro. Ta buɗe ƙofa, ta gan ni ni kaɗai, wayar tana hannuna a jikin rariya. Ta leƙa dama, ta leƙa hagu. Ta dubi wayar, ta dube ni.

Aka ce in zo ranar Juma'a in ga shugabar makaranta. Maigida ba zai samu fita daga aiki ba, sai ya roƙi Anti Nas ta raka ni. Anti Nas ita kaɗai ce mai jin yarenmu da na sani a garin, shekararta ashirin a nan tana aikin asibiti. Mace ce mai jiki da murya. Da aka shigar da mu wani aji aka nuna mana kujerun yara, sai ta riƙe ƙugu.

"Wannan in na zauna a kai, sai an kira 'yan kwana-kwana sun zare ni."

Ta zauna a kan tebur. Shugabar tsohuwa ce mai tabarau rataye a wuya, maganarta a sanyaye. Ta yi magana, Anti ta juyo.

"Ta ce wai kin san sunan 'yarki?"

"Anti, wace irin tambaya ce wannan?"

"Ni ma 'yar aike ce, ƙanwata. Yarinyar ce ta gaya wa Malama wai ba ki san sunanta ba, wai mama kike ce mata. Sun kuma ji mahaifiyarki ta rasu dab da haihuwarta. Suna so su ji ko kina barci, ko kina cin abinci, ko kina gane cewa wannan 'ya ce ba uwa ba."

Na sunkuyar da kai. Na ji kunnuwana sun yi zafi. Anti ta juya ta yi ta bayani, tana nuna ni, tana nuna sama, tana dafa ƙirji. Shugabar tana gyaɗa kai tana rubutu. A cikin maganarsu na yi ta jin 'yar kalmar nan ta Malama tana dawowa, na ce a raina, ko ba komai suna yabon yarinyar.

"Me kika ce mata?"

"Na ce girmamawa ce, ba ciwo ba. Ta ce ta fahimta." Anti ta rage murya. "Idan suka ce sun fahimta, to ki ɗaure ɗamara."

Ga abin da aka yanke. Doka ce, duk mai ɗaukar yaro shi zai faɗi sunan da bakinsa. Ranar Litinin za su saurare ni. Idan na yi, magana ta wuce. Idan ban yi ba, akwai gurbi a ɗakin yini, inda yaran ma'aikata suke zama har biyar da rabi, babanta ya riƙa biyowa ya ɗauke ta in ya tashi daga aiki.

"Ta ce ba hukunci ba ne, taimako ne. Ki samu ki huta."

A tashar bas Anti ta sa ni a gaba.

"Sarauniyar kunya! Ke yanzu a kan suna za ki bari a karɓe miki 'ya? In kiɗa ya canza, rawa ma canzawa take. Ni nan da kike gani, sunan mijina nake rangaɗawa a gaban uwarsa a waya."

"Kai, Anti!"

"To, ba a gabanta ba. Amma a zuciyata ina yi. Ke dai ki faɗa. Inna tana inda ba a fushi."

Ranar Asabar Maigida ya ɗora nasa.

"Suna ne fa, Maman yara. Sau ɗaya a rana. Ki rufe ido ki haɗiye kamar magani."

"To kai faɗi na Baba in ji."

Ya buɗe baki. Ya rufe. Ya sosa ƙeya.

"Wannan daban."

Muka yi dariya mu biyu, rabon da mu yi haka har na manta. Amma da dariyar ta lafa sai ya ce, yana kallon kofin shayinsa, "Ɗakin yinin ma ba laifi ba ne. Za ta ƙara gogewa da yaren. Ke ma kya sarara."

"Na ce maka na gaji?"

Ya kurɓi shayinsa. Ni kuwa ban iya gaya masa zancen minti ashirin ba. Idan na faɗa da baki sai ya zama ƙaramin abu: gidan burodi, gada, kare.

Lahadi da hantsi na sauka wanki. Babu kowa a ɗakin. Na zuba kaya, na zauna a benci, Sarkin Kuka yana barci a bayana. Akwai lokacin da injin yake matse ruwa, ya yi ta ruri yana girgiza har mutum ba ya jin tarin kansa. Shi na jira. Da ya fara, na motsa leɓe kawai. Sannan na sa iska. Sannan na sa murya. Sunan Inna gaɓa uku ne, ta farko daga maƙogwaro take fitowa, ta tsakiya kuma jan ta ake yi. Da ya fita sai na ji kamar na taka mata shimfiɗa da takalmi.

Na ce, "Inna, ki yafe mini. Ba ke nake kira ba."

Na sake faɗa. Sau bakwai na yi kafin injin ya tsaya. Na kwashe kayan, na bar safa ɗaya a ciki ban sani ba.

Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Litinin ta zo da ruwan sama. Da safe aka yi wa Sarkin Kuka allura a cinya biyu, tun daga asibiti yake tsala ihu, ya ƙi nono, ya ƙi goyo. Na lulluɓe kekensa da leda, na isa ƙofar sha biyu saura kwata, don in gama kafin idon mutane ya yi yawa.

Na yi bismillah na danna. Muryar ta amsa. Na kai bakina har ina jin sanyin ƙarfen a leɓena, na faɗi sunan. Na faɗe shi daidai, yadda kakata take kiran sa.

Sai muryar ta yi wata 'yar tambaya.

Na sake faɗa.

Ta yi magana mai ɗan tsawo. A ciki na tsinci "a'a", ita ma na san ta. Rariyar ta yi ƙit, ta mutu.

Na ce ko kukan yaron ne ya hana ta ji. Na tura keken gefe, na danna, na ɗaga murya. Ta ce a'a. Na danna na uku. Wannan karon ban san da ƙarfi na yi ba sai da na ga mutanen tashar bas sun waiwayo. Sunan da na rufa wa asiri tun ina 'yar shekara shida, ga ni ina shelarsa a bakin titi kamar 'yar talla, ruwa yana bin wuyana, kuma babu wanda ya san shi. Na yi ta dannawa ina kira. Ban san sau nawa ba.

Sai na ji an jingine keke a bayana. Mai Keke ne. Ya tsaya yana saurare, ya tattara goshi. Can sai fuskarsa ta washe. Ya kai hannu daidai tsawon Mamana, ya dunƙule hannu biyu a kansa kamar yadda nake ɗaure mata gashi. Na gyaɗa kai. Ya sunkuya kan rariyar ya faɗi kalma ɗaya.

'Yar kalmar Malama ce. Gaɓa biyu, babu maƙogwaro, babu ja.

Ƙofa ta yi ƙugi.

Ya yi murmushi, ya riƙe mini ƙofar kamar dā, ya karya dokarsu saboda ni. Na tura keken na shiga. Shugabar tana tsaye a barandar ciki. Abin da ta gani shi ne mace jiƙe sharkaf tana kuka, jariri yana ihu, wani kuma ya faɗa mata sunan 'yarta ya buɗe mata ƙofa. Ta matso ta dafa hannuna, ta miƙo mini 'yar takardar share hawaye. Ta yi magana a sanyaye. Ranar ban nemi tafinta ba.

Kafin mu fito ruwan ya tsagaita. Mamana tana tsalle a cikin kwatami da takalmin roba. Na ce, "Mamana, za ki jiƙe."

"Malama ta ce ni ba mamanki ba ce. Ke ce mama. Ni yarinya ce."

"Wasa ne ai, irin namu."

"Ta ce in riƙa gaya miki."

Muka hau gada, muka sauka. Daidai tagar tsohuwa na ce a raina, tunda bakin ya riga ya buɗe, bari ko sau ɗaya mai sunan ta ji shi daga gare ni. Na kira ta. Tana kallon kare. Na sake kira.

Ta waiwayo ta duba bayana. "Wa kike kira?"

"Ke. Sunanki ke nan."

Ta tuntsire da dariya. "A'a! Ba haka ba ne!" Ta faɗi kalmar Malama, ta rarraba mini ita biyu kamar mai koya wa jariri. "Ce."

Na ce.

Ta fita salin-alin, kamar in ce cokali, kamar in ce kujera. Ban ji nauyi ba, ban ji kunya ba, domin babu Inna a ciki ko kaɗan. Wata bakwai ina laɓewa a bayan mutum saboda wannan.

"Yawwa, kin iya!" Ta tafa mini. "Gobe sai ki gaya wa ƙofa."

A mararraba ta kama hannuna, amma ba ta ce mini 'yata ba. Ni ce na ga fitila ta yi kore.

Maigida ya dawo da labarin a bakinsa, sun kira shi tun yana sito. Na gaya masa abin da ya faru, tun daga ɗakin wanki. Ya daɗe yana kallona.

"Wallahi na ɗauka kin sani. Ranar da na kai takardunta haka matar da ta karɓa ta karanta sunan, ni kuma ban gyara mata ba. Sauƙi ya zo mini. Da sunan surukata ne sosai, kina zaton zan iya faɗarsa a waya?"

"To ka kira su. Ka ce yanzu na iya. Ka ji ma." Na faɗa masa sau biyu.

Ya kira da safe. Suka ce sun ji daɗi ƙwarai, amma an riga an rubuta ta a ɗakin yini, kuma a ganinsu ina buƙatar hutu. A gwada zuwa ƙarshen zango a gani. Na buga wa Anti Nas, na ce ko za ta sake raka ni.

"Zan raka ki, ƙanwata, ƙafa ba ta ƙi ba. Amma in sun ce a gwada, an gama." Can ta ƙara da cewa, "Ni ma ban kawo a raina cewa sunan suka juya ba. Nawa sunan ma shekara ashirin ke nan ban ji shi daidai ba."

Zangon ya ƙare, wani ya shiga. Mamana tana son ɗakin yini. Akwai fenti, akwai akwatin yashi, akwai wata ƙawa mai jan gashi. Ƙarfe shida suke shigowa ita da babanta suna hira da yarensu tun daga matakala. Ta ci abinci ido yana rufewa. Abin da ya rage mata na yarenmu ba shi da yawa: ruwa, na ƙoshi, bari. Idan na ce Mamana, wani lokaci ta waiwayo, wani lokaci sai na faɗi ɗayan. Ranar Asabar na ce mu je mu gaida kare, ta tambayi babanta me na ce.

Ni kuwa har yanzu sha ɗaya da rabi tana yi sai in ga takalmi a ƙafata. Na kan shirya aikena yadda zan biyo ta wajen. In tsaya a tsallaken titi, jakar kanti rataye a keke, in ga iyaye suna dannawa ɗaya bayan ɗaya. Mai Keke yana ɗago mini hannu. Daga nan in kama hanya. In ce wa Sarkin Kuka ga gidan burodi, ga gada, ga ranka ya daɗe a taga. Yana kallona yana tsotsar igiyar hularsa. Takardar shigarsa makarantar tana manne a jikin firij, babansa ya riga ya cike ta, saura wata tara.

Jiya a mararraba fitila ta yi kore, ta yi ja, ta sake yin kore, ina tsaye. Wata mata ta taɓa kafaɗata ta nuna mini fitilar. Na ce mata na gode da yarensu. Sai na tuna na bar wanki a inji tun ƙarfe goma, yanzu haka wani ya jibge mini shi a tebur. Na tura keken na tsallaka.